Tafiya da Mota a Hamada da Tsaunuka: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Shirin Kama Hanya

Tafiyar shaƙatawa da mota ta cikin hamada da tsaunuka ta sha bamban da tafiyar gari zuwa gari, domin a nan hanyar ce abin da aka fito kallo, kuma ita ce ke iya cutar da matafiyin da ya raina ta. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wuraren da masu shirin irin wannan tafiya suka fi yin tuntuɓe, an kuma kawo misalai daga hanyoyin da suka yi suna a ƙasashe daban-daban.

Kilomita nawa ya kamata in ci a rana guda?

Gara a yi lissafin da awa, saboda kilomitan da ke kan taswira ba ya nuna hawa da gangara da yawan lanƙwasar hanya. Daga Marakesh zuwa Warzazat a ƙasar Maroko tazarar kimanin kilomita 200 ce, amma hanyar tana ratsa tsaunukan Atlas ta mashigin Tizi n'Tichka mai tsayin mita 2,260, kuma direban da bai tsaya ko'ina ba yakan ci kusan awa huɗu. Wanda ya fito kallo kuwa dole zai tsaya, nan don ɗaukar hoto, can don ya bar wata babbar mota ta gama hawa, sai ya tarar awa huɗun ta zama shida.

A ganina, tuƙin awa huɗu zuwa biyar a rana ya wadatar, kuma ya kamata a tsara kowane zango yadda za a sauka da sauran rana a sama, aƙalla awa biyu kafin faɗuwarta. Wannan rarar ita ce ke ɗauke wa mutum faci ko ɓatan hanya ba tare da dare ya riske shi ba. Idan tafiyar ta wuce kwana biyar, a bar rana guda da ba a rubuta mata komai ba. Mafi yawan masu tsara irin wannan tafiya karon farko sukan cusa wuraren ziyara har su ninka abin da lokacinsu zai ɗauka, kuma maganin hakan shi ne a soke rabin jerin tun ana gida.

Miƙaƙƙiyar hanya ma tana da nata sharrin. A babbar hanyar Eyre da ke ratsa filin Nullarbor na Ostireliya akwai wani yanki mai tsawon kilomita 146.6 wanda babu kwana ko guda a cikinsa, kuma abin da ke kayar da direba a irin wannan wuri shi ne gyangyaɗi. A riƙa tsayawa ana miƙe ƙafa duk bayan awa biyu, ko da ba a ji gajiya ba.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Nan ne ake samun cin karo, domin hamada tana son lokacin sanyi, tsauni kuma yana son lokacin zafi. A Kwarin Mutuwa da ke jihar Kalifoniya ta Amurka an auna zafin da ya kai digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyas ranar 10 ga Yulin 1913, kuma har yanzu watannin Yuli da Agusta ba lokacin yawo ba ne a can. A jihar dai, mashigin Tioga mai tsayin mita 3,031 yakan kasance a rufe saboda dusar ƙanƙara tun daga wajen Nuwamba har ƙarshen Mayu, wata shekarar ma sai an shiga Yuni. Mai son haɗa hamada da tsauni a tafiya guda sai ya nemi tsakiya, wato wajen Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba a arewacin duniya, sannan ya tabbatar mashigin da zai bi a buɗe yake kafin ya sa rana. A kudancin duniya, kamar Namibiya da Cile da Ostireliya, lissafin a juye yake, domin Yuni da Yuli su ne tsakiyar sanyi.

Da gaske ne zan buƙaci kayan sanyi a hamada?

Ƙwarai kuwa. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, shi ya sa da zarar rana ta faɗi sai ƙasa ta huce da sauri, har mutumin da ya yi gumi da azahar ya koma neman bargo kafin asuba. Tsayi ma yana da nasa tasirin, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. A Kwarin Mutuwa, kwarin Badwater yana mita 86 ƙasa da teku, ƙololuwar Telescope da ake hangowa daga can kuma tana mita 3,366, wanda ke nufin bambancin da ya haura digiri 20 tsakanin wurare biyu da ido ke gani a lokaci guda. Riguna marasa nauyi da za a iya jerawa kan juna a kuma cire ɗaya bayan ɗaya sun fi riga guda mai kauri amfani.

Dole ne sai da mota mai jan ƙafa huɗu?

Ba dole ba ne. Yawancin hanyoyin da suka yi suna wajen kyan gani suna da kwalta, kuma ƙaramar mota mai lafiya tana bin su. Abin da ya fi jan ƙafa huɗu muhimmanci a hanyar burji shi ne tsayin cikin mota daga ƙasa da ƙwarin taya. A Namibiya, hanyar da ta tashi daga Sesriem zuwa tuddan rairayi na Sossusvlei tana da kwalta na kimanin kilomita 60, sai kilomita biyar na ƙarshe kaɗai ne yashi mai zurfi, kuma akwai motocin da ke jigilar baƙi a wannan ɗan yanki. Bai dace mutum ya ɗauki nauyin hayar babbar mota ta mako biyu saboda kilomita biyar ba.

Mai ɗaukar motar haya ya karanta takardar yarjejeniya da idon basira, domin kamfanoni da yawa suna cire taya da gilashin gaba da ƙarƙashin mota daga abin da inshora ke biya, wasu kuma suna soke inshorar ɗungurungum idan aka sauka daga kwalta.

Me zan duba a jikin motar kafin in tashi?

A kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don idan an canja wani abu a sami damar gwada shi a cikin gari. A duba lagireto da tiyoyinsa, da fambel, da batir, da bakin mai, da man birki, da kaurin takalmin birki. Zafi yana saurin tona asirin tsohon batir da tsohuwar roba. A duba shekarun tayoyi ko da zanensu bai cinye ba, domin a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma tayar da ta haura shekara shida abar tuhuma ce a kan kwalta mai zafi. A sauke safaya a auna iskarta, a kuma gwada jak da sifana a tabbatar sun dace da motar. Ga mai dogon burji a gabansa, safaya biyu ba almubazzaranci ba ne. A ƙara da famfon taya mai aiki da batir, da shebur, da igiyar ja, da tocila, da wani faffaɗan katako da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse cikin yashi.

Ruwa da mai fa, yaya zan lissafa su?

Lita huɗu ga kowane mutum a kowace rana shi ne mafi ƙarancin ruwan sha, ban da na wanke hannu da na lagireto, kuma a kan wannan sai a ƙara na kwana biyu wanda ba za a taɓa ba sai ta ɓaci. A raba shi cikin jarkoki da yawa, domin idan tulu guda ne ya fashe a kan gargada shi ke nan an rasa duka. A busasshiyar iska gumi yana bushewa kafin a gan shi, don haka mutum na iya rasa ruwa mai yawa rigarsa a bushe. Launin fitsari ya fi ƙishirwa faɗin gaskiya: idan ya yi duhu, ruwan jiki ya yi ƙasa.

Game da mai, ƙa'idar mai sauƙi ce: duk gidan man da aka gani a yankin da ba kowa, a cika tanki, ko da rabi kawai aka ci. Gidan man da ke kan taswira yana iya kasancewa a rufe ko mansa ya ƙare. Hawa da iska mai bugowa ta gaba da na'urar sanyaya mota duk suna ƙara shan mai, yashi kuwa ya fi su duka. Mai motar lantarki ya san cewa hawa da sanyi suna rage masa zango, ko da yake gangara tana mayar wa batir wani abu, don haka ya tabbatar da wurin caji na gaba kafin ya bar na baya.

Yaya ake saukowa daga tsauni ba tare da birki ya ƙone ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan, domin hawa yana gajiyar da inji ne kawai, gangara kuwa tana kisa. Birki yana aiki ne ta hanyar guga, guga kuma tana haifar da zafi. Idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga ƙololuwa bai ɗaga ba, takalmin birki yakan yi zafi har ya daina kamawa, man birkin kuma yana iya tafasa. Sabon mai irin DOT 4 yana jure digiri 230, amma yana tsotsar danshi a hankali, kuma wanda ya daɗe a mota yana iya tafasa a wajen digiri 155. Da zarar ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, direba ya taka birki ya ji ya tafi har ƙasa babu abin da ya kama.

Maganin shi ne a bar inji ya riƙe motar. A sauko da giyar da za a hau wannan tudun da ita, wato ta biyu ko ta uku, a wuri mai tsananin gangara ma ta ɗaya. Mota mai canja giya da kanta tana da L ko 2 ko wurin sauke giya da hannu, kuma don irin wannan rana aka yi su. Injin zai yi kuka, kukan ba ya cutar da shi matuƙar allurar da ke nuna juyin inji ba ta shiga ja ba. A taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci kafin a shiga kwana, a rage gudu, sannan a ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. Sakin mota a firi don tsimin mai kuwa ganganci ne da bai kamata ko a yi tunaninsa ba.

Na taɓa saukowa daga wani mashigi a bayan wata motar iyali wadda jajayen fitilun birkinta ba su mutu ba ko sau ɗaya a tsawon wajen minti ashirin. Kafin mu kai ƙasa warin ƙuna ya cika hanya, da direban ya ratse gefe sai ga hayaƙi siriri yana tashi daga bayan tayoyin gaba, shi kuma ya ɗauko gorar ruwa zai watsa. Da ƙyar aka riƙe hannunsa, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi haka yana iya lanƙwasa faifan birkin. Abin da ake yi shi ne a tsaya a wuri mai faɗi, a sa giya, a tare taya da dutse, a jira rabin awa.

A ƙasashe da yawa, idan motoci biyu suka haɗu a siririyar hanyar tsauni, mai gangarowa ne ke ba mai hawa hanya.

Me ya sa motata take rasa ƙarfi a sama, kuma me zan yi idan inji ya yi zafi?

Iska tana yin shara-shara yayin da ake hawa, kuma injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300. A tsayin mita 3,000 kusan kashi talatin ya tafi, don haka a yi hattara da wuce manyan motoci, domin motar ba za ta amsa totur yadda aka saba ba. Idan allurar zafi ta fara hawa, a kashe na'urar sanyi, a kunna na'urar ɗumama ciki a buɗe tagogi, saboda hakan yana janye zafi daga inji. Idan ba ta sauka ba, a tsaya. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto yana da zafi, domin ruwan ciki a matse yake kuma zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

Yaya ake tuƙi a burji da yashi?

A burji, gudu shi ne abokin gaba. Tsakuwa tana mirginawa a ƙarƙashin taya, birki ba ya kamawa kamar a kwalta, kuma juya sitiyari da ƙarfi yana iya kifar da doguwar mota. Kilomita 80 a awa shi ne iyakar da ake yawan ba baƙi shawara a Namibiya, a kwana kuma sai an rage sosai. Idan mota na tahowa, a rage gudu a matsa gefe saboda tsakuwar da take watsowa.

A yashi mai zurfi ana rage iskar taya daga lamba 32 ko 35 da aka saba gani a ma'aunin mai faci zuwa wajen 16 ko 18, don tayar ta baje ta hau kan yashin. A tafi da matsakaicin gudu ba tsayawa, ba taka birki da ƙarfi. Idan motar ta kafe, a ɗaga ƙafa daga totur nan take, domin duk juyin da taya ta yi a wuri guda kabari take haƙa wa kanta. A share yashin da shebur, a gwada komawa baya ta kan sawun da aka zo. Da an dawo ƙasa mai tauri a mayar da iska. Yashin safe ya fi na rana tauri, saboda sanyi da raɓa.

Ana fargabar ruwan sama a hamada?

Ana yi, kuma abin da ke ruɗar mutane shi ne ruwan ba sai ya sauka a kansu ba. Hadari yana iya zubarwa a kan tsauni mai nisa, ƙasar da ba ta shan ruwa ta tura shi cikin kwazazzabo, ya iso inda rana ke haskawa yana ɗauke da duwatsu da itace. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaukar ƙaramar mota, santimita 60 kuma yana tafiya da manya. Kada a kafa tanti ko a ajiye mota a busasshen rafi komai laushin yashinsa, kuma idan ruwa ya yanke hanya a jira, yawanci yakan janye cikin 'yan awanni.

Idan guguwar ƙura ce ta taso, shawarar da ake ba direbobi a jihar Arizona ita ce a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a ja birkin hannu, a kashe duk fitilu, a ɗaga ƙafa daga birki, don kada na baya ya bi hasken yana zaton motar tafiya take.

Tsayi yana iya sa ni rashin lafiya alhali a zaune nake cikin mota?

Yana iya, kuma motar ce ma ke ƙara haɗarin, domin tana kai mutum cikin awa biyu inda mai tafiya a ƙafa zai yi kwanaki kafin ya isa. Garin San Pedro de Atakama na Cile yana wajen mita 2,400, amma hanyar da ta tashi daga can zuwa iyakar Ajantina ta mashigin Jama tana haura mita 4,800. Mashigin Khunjerab da ke tsakanin Pakistan da Sin yana mita 4,693. Ciwon da tsayi ke jawowa yakan fara ne daga mita 2,500 zuwa sama, da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci, kuma ba ya duba ƙarfin jiki ko ƙuruciya. Inda aka kwana ya fi inda aka ratsa da rana muhimmanci, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar cewa bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Wanda ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki yana zaune, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne. Mai ciwon zuciya ko huhu da mace mai ciki su ga likita tun kafin a tsara hanya.

Zan iya dogara da taswirar waya?

Wayar tana gane inda take ta tauraron ɗan adam ko babu sabis, amma taswirar kanta sai an sauke ta tun ana da intanet, a Google Maps ko OsmAnd ko makamantansu. A riƙe taswirar takarda ma, saboda waya takan kashe kanta idan rana ta dake ta a gaban mota. Idan manhaja ta nuna wata gajeriyar hanya da ta bar kwalta ta nausa daji, a tambayi mutanen wurin kafin a bi. Mai shiga wuri mai nisa sosai yana iya ɗaukar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan adam, amma ya binciki dokar ƙasar, domin Indiya da wasu ƙasashe suna hukunta wanda ya shigo da irin wannan waya ba izini. Abin da ba ya cin ko sisi shi ne a bar wa wani amintacce bayanin hanyar da za a bi, da lambar mota, da lokacin da idan bai ji labari ba zai nemi agaji.

Idan motar ta lalace inda ba kowa fa?

A zauna tare da ita. Masu ceto suna hango mota daga nesa ko daga sama fiye da yadda za su hango mutum guda, kuma a wurinta ne ruwa da inuwa suke. A ɗaga murfin inji alamar neman taimako, a ɗaura zane a yi rumfa a gefen da ba rana, a rage motsi har yamma. A sha ruwa gwargwadon buƙata, domin ajiye shi a jarka alhali jiki na bushewa ba dabara ba ce. A hamada ido yana yaudara, tsaunin da ake gani kamar tafiyar awa guda yana iya zama ta yini.

Waɗanne takardu zan tanada?

Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri biyu ne aka fi amfani da su, na yarjejeniyar Janiba ta 1949 da na Biyana ta 1968, kuma kowace ƙasa da wanda take karɓa; ba ya aiki sai tare da lasisin gida. Tsallaka iyaka da motar haya yana buƙatar rubutaccen izinin kamfani, mai motar kansa kuma wasu ƙasashe za su nemi takardar shigar da mota ta wucin gadi. A san ɓangaren da ake tuƙi, domin Namibiya da Ostireliya hagu suke bi, Maroko da Amurka da Cile kuma dama. Wasu yankunan hamada ba a shigarsu sai da izini ko rakiya saboda tsaro, don haka a nemi bayani na kwanan nan.

Wane lokaci ne kallon ya fi kyau?

Awa guda bayan fitowar rana da awa guda kafin faɗuwarta, lokacin da haske ke zuwa a karkace, inuwa ta fito da kowane lanƙwasa na rairayi da dutse. Da tsakar rana komai yakan baje ya yi fari, don haka a bar wannan lokaci don cin zango ko hutawa. A lura cewa mai nufar gabas da safe ko yamma da la'asar rana za ta riƙa dukan idonsa. Tuƙin dare kuwa asara biyu ce, ba a ga abin da aka zo gani ba, ga raƙuma da jakuna da namun daji da ke hawa kwalta. Mai son taurari ya daidaita tafiyarsa da ƙarshen wata, lokacin da babu farin wata. Wajen tsayawa a nemi fili inda na gaba da na baya za su hango motar, ba a kan kwana ba, kuma kada a bar hanya a shiga fili da mota, domin sawun taya a ƙasar hamada yana iya yin shekaru da dama bai goge ba.

Wurin kwana ma yana shiga wannan lissafi. A Sesriem, mashigar gandun dajin da Sossusvlei ke ciki, ƙofa biyu ce: ta waje ba ta buɗewa sai rana ta fito, amma ta ciki tana buɗewa awa guda kafin nan ga waɗanda suka kwana a cikin gandun, kuma tudun rairayin da ake kira Dune 45 yana kilomita 45 daga can. Mai son fitowar rana ta same shi a kan wannan tudu sai ya kama wurin kwana a ciki, kuma a lokacin cikar baƙi sai ya yi hakan da watanni kafin ranar.